Soron Malam da Laburaren Kwaleji: Tarihin Mazaunin Littafi a Birnin Kano

Littafi ya riga laburare shigowa birnin Kano da shekaru fiye da 500. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Wangarawa sun iso daga Mali da addinin Musulunci a zamanin Sarki Yaji (1349–1385). A zamanin Yakubu (1452–1463) kuma Fulani suka zo da littattafan tauhidi da na lugga, suka daɗa a kan Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi waɗanda malaman gari suke da su tun da fari. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) Shaihu Magili ya sauka a birnin, sa'an nan a zamanin Muhammadu Kisoki (1509–1565) aka kawo Ashafa ta Alƙali Iyad, wadda har yau ake karanta ta a cikin watan azumi. Masu tarihi sun yi rubutu mai yawa game da waɗannan littattafai da malaman da suka karantar da su a Madabo da sauran unguwannin ilmi. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne ginin da aka ajiye su a ciki, watau yadda aka kare takarda daga zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu a lokacin da babu wutar lantarki ko kaɗan.

Wannan tambaya ta wuce ta sha'awar tarihi kawai. Duk kwalejin da ta yi niyyar gina laburare a Kano a yau, tilas ta tsaya ta yi lissafin kuɗin wuta da na man janareto kafin ta aza tubalin farko. Idan lissafin ya ɓaci, ginin zai tsaya da kyawunsa, amma ɗalibi ba zai iya zama a cikinsa da azahar ba a watan Afrilu.

Soro, gafaka da tadarishi

Kafin zuwan Turawa a 1903, ilmi a Kano a gidajen malamai yake, littattafai kuma mallakar malami ne, ya gada ko ya saya ko ya kwafa da hannunsa. Yawancin takardar da ake rubutu a kanta daga ƙasar Italiya take fitowa, ta biyo ta Tarabulus a kan raƙuma, kuma an fi saninta da tambarin jinjirin wata uku da ake hangowa in an ɗaga ta ga haske. Abu ne mai tsada, don haka aka ƙware wajen tattalinsa. Ba a ɗinke littafi. Ana tara warƙoƙinsa a tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a cikin gafaka ta fata, sa'an nan a rataye ta a bango ko a sa a adaka. Ratayewar nan kuwa hikima ce, domin gara daga ƙasa take tasowa, laima ma ta ƙasa take hawa bango. Fatar gafaka tana tare ƙura, tana kuma rage saurin da takarda take shan laima ko take bushewa. Rashin ɗinki ya ba malami damar raba littafi guda ga almajirai da dama a lokaci ɗaya, ko da yake ta wannan ƙofa ce warƙoƙi masu yawa suka salwanta.

Irin yawan abin da malami guda zai iya tarawa ya bayyana a littattafan Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962. Abin da aka samu a taskarsa ya haura guda 3,000, na hannu da na ɗab'i, kuma a yanzu suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Akwai abin dubawa a nan: an kai su ƙasar da ake sanyaya ɗakin ajiya dare da rana, alhali kuwa sun yi shekaru masu yawa a ɗakin ƙasa a Kano kafin su yi wannan tafiya, kuma sun isa ana iya karanta su.

Ɗakin ƙasar nan shi ne soro. Ana gina bangonsa da tubali, watau curin ƙasa da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, gindin bango ya yi kauri, yana sirancewa yayin da yake hawa. Ana rufe shi da azara ta itacen giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa a daɓe. Ana yaɓe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana kuma shafe rufi da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Ruwan sama yana sauka ta indararo nesa da gindin bango. Tagogi 'yan ƙanana ne, kuma a sama suke.

Amfanin wannan gini ga littafi yana cikin kaurinsa. A bazara zafin Kano da rana yakan kai digiri 38 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, amma da dare yana sauka ƙwarai. A hunturu kuwa yakan sauko ƙasa da digiri 15 da asuba. Bango mai kauri ba ya barin zafin rana ya ratsa shi nan take. Yana shanye shi a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa, wajen takwas zuwa goma in bangon ya kai kamu guda, zafin yake isa ciki, a lokacin kuwa rana ta riga ta faɗi. Saboda haka yanayin cikin soro ba ya hawa da sauka kamar na waje. Ƙasa kuma tana shan laimar iska in ta yi yawa, ta sake ta in iska ta bushe. Masana adana takardu na wannan zamani sun tabbatar da cewa bayan zafi kansa, babu abin da yake gajiyar da takarda da fata kamar yawan canji tsakanin laima da bushewa, domin suna kumbura suna tsukewa har su tsage. Magina ba su da ma'aunin zafi, amma abin da hannunsu ya gina ya dace da wannan ƙa'ida.

Sai dai ba daidai ba ne a ɗauki soro a matsayin gini marar aibi, kamar yadda wasu masu begen da suke yi. Soro yana da duhu. Malami a bakin zaure yake karatu da rana, da dare kuma da fitilar aci-balbal, almajirai da wutar kara, kuma wuta da takarda ba su taɓa zama lafiya ba. Yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, in an yi sakaci kuwa ruwan Agusta ya sami kafa ta rufi, dare ɗaya ya isa ya lalata abin da aka yi shekara 100 ana tarawa. Da dare a bazara yana amayar da zafin da ya sha, shi ya sa mutanen gida suke fitowa tsakar gida su kwana. Ga kuma ƙuncin wuri: azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kimanin ƙafa 6, sai an yi dabarar goya wata a kan wata. Bakan gizo ne ya buɗe wa magina hanya, har suka iya rufe ɗaki mai faɗin kusan mita 8 ba tare da ginshiƙi ba, kamar yadda ake gani a fadar Kano da Gidan Makama da kuma Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Amma irin wannan aiki na sarakuna ne da attajirai.

Shahuci da Makarantar Koyon Larabci

Laburare a ma'anarsa ta yanzu, watau ɗakin da hukuma ta gina ta zuba littattafai domin duk ɗalibin makaranta ya shiga ya karanta, ya fara ne a cikin birni a zamanin Sarki Abdullahi Bayero (1926–1953). A ƙarshen shekarun 1920 aka buɗe Makarantar Shari'a ta Shahuci domin horar da alƙalai da muftai da malaman kotu na En'e, kuma an haɗa ta da ɗakin littattafan Larabci. Shaihu Nasiru Kabara yana cikin waɗanda suka shugabance ta daga baya. A 1934 aka kafa Makarantar Shari'a ta Lardunan Arewa, wadda Wazirin Kano Muhammadu Giɗaɗo yake da hannu ƙwarai wajen kafa ta, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 aka faɗaɗa ta aka mai da ita Makarantar Koyon Larabci. A wannan zamani ne littattafan ɗab'i na Misira suka yawaita a hannun masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi. Littafin ɗab'i kuwa a ɗinke yake, a tsaye ake jera shi a kan kanta, kuma yana zuwa da yawa. Gafaka da maratayi ba su ishe shi ba.

Sauran ƙasar Arewa ma ta motsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an buɗe ɗakunan karatu a garuruwan En'e domin yaɗa labarin yaƙi, a 1952 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, a 1963 kuma F. A. Sharr ya gabatar da rahotonsa game da bukatun laburare a Arewacin Nijeriya.

Gine-ginen hukuma na wancan lokaci suna tsakanin tsoho da sabo. An riƙe kaurin bango da tsawon ɗaki, an ƙara baranda da manyan tagogi masu marfin katako. Baranda ba ado ba ce kawai, ita ce take hana rana dukan bango kai tsaye. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantarsa a 1909, shaida ne cewa Turawan farko sun yarda da ginin ƙasa, sun kuma zauna a cikinsa. Lantarki ya iso Kano a farkon shekarun 1930 tare da ruwan famfo na Chalawa, amma aikinsa a lokacin bai wuce ƙwan fitila da fanka ba. Ba wanda ya zana gini yana dogara da cewa na'ura ce za ta sanyaya shi. Kuskuren da aka fi yi a zamanin shi ne shafa siminti a kan bangon ƙasa don gudun yaɓen shekara-shekara. Siminti da ƙasa ba sa miƙewa tare in sun sha zafi, sai simintin ya tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya ruɓe a ɓoye. Laifin da aka ɗora wa ƙasa a wurare da yawa na wannan haɗi ne.

Buɗe sabon Babban Masallacin Juma'a a 1951, a wurin da tsohon masallacin ƙasa yake, ya nuna inda zuciyar masu mulki da ta talakawa ta karkata. Daga nan siminti da kwano suka zama alamar ci gaba.

Fita bayan ganuwa

A cikin harabar Makarantar Koyon Larabci aka haifi ilmin jami'a a Kano. A 1960 aka buɗe Kwalejin Ahmadu Bello a can. Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a 1962 sai aka sauya wa kwalejin suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero. Ta yi ɗan zama a tsohon otal na filin jirgin sama, a 1964 ta koma mazauninta kusa da Ƙofar Kabuga da Ƙofar Dukawuya, a 1975 ta zama kwalejin jami'a, a 1977 ta zama Jami'ar Bayero, daga bisani ta gina sabon mazauni a hanyar Gwarzo. Kowane mataki yana nisanta ta daga tsakiyar birni, domin laburaren kwaleji yana son fili wanda lungunan cikin gari ba su da shi.

A nan ne wata matsala ta fito wadda soron malam bai taɓa saninta ba. Jikin mutumin da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Ɗalibai 200 a zauren karatu ɗaya sun zama kamar murhu mai kilowat 20 a cikin ɗakin, ban da zafin fitilu. Kaurin bango yana tare zafin waje, amma ba ya fitar da na ciki. Littafi yana son ɗaki rufaffe mai duhu wanda yanayinsa ba ya canjawa, mai karatu kuwa yana son haske da iska mai motsi. Bahaushen da ya warware wannan ta hanyar ƙaura a cikin gidansa: soro da rana, inuwar bishiya da la'asar, tsakar gida da dare. Laburaren zamani ya tara littafi da mai karatu a ɗaki ɗaya daga safe har dare.

Amsar farko da aka bayar a Nijeriya ta fito daga kudu. Maxwell Fry da Jane Drew sun zana laburaren Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarun 1950, dogon gini siriri mai bango na kankare da aka huhhuje kamar rariya, domin iska ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, rana kuma ta kasa shiga. A Ibadan, inda laima take da yawa kuma dare bai bambanta da rana sosai ba, dabarar ta yi daidai. A Kano kuwa bangon rariya ƙofa ce ga ƙurar hunturu da iskar bazara mai kama da hucin tanda. Su kansu masu zanen sun san da haka, don littafinsu na 1964 ya bambanta gini a ƙasa mai laima da gini a busasshiyar ƙasa. Wahalar Kano ita ce tana da yanayin biyu duka: watanni bakwai ko takwas na rani da ke bukatar gini mai nauyi a rufe da rana a buɗe da dare, da watanni huɗu na damina da ke bukatar iska ta yi ta ratsawa.

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya kawar da wannan tunani gaba ɗaya. A zamanin ne aka gina manyan laburare na jami'o'i, irin su Laburaren Kashim Ibrahim na Zariya da aka buɗe a 1976. Salon da ya yaɗu a makarantu da ofisoshi a duk ƙasar shi ne bulo na siminti mai rami a ciki, faffaɗan gilashi, gini mai zurfi wanda hasken taga ba ya kai tsakiyarsa, da iyakwandishan da za ta gyara duk abin da zanen ya ɓata. An gina su bisa zaton cewa wutar NEPA, wadda aka kafa a 1972, za ta wadata kuma ta yi arha. Da farashin mai ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, sai kayan gyaran na'urori suka gagara saye. Ginin da aka zana don na'ura, in na'urar ta tsaya, ya fi rumfar kara zafi, tagoginsa ma wasu ba a yi su don a buɗe ba. Ga littafi kuwa, sanyin da ake kunnawa da safe a kashe da yamma, ko wanda yake zuwa yana ɗaukewa tare da wuta, shi ne ainihin hawa da saukar da soro ya kare shi daga gare ta.

Yama, Dandaji da abin da ya biyo baya

Komawa ga ƙasa bai fara daga Kano ba. Hassan Fathy na Misira ya gwada shi a Sabuwar Gurna a shekarun 1940. A ƙasar Hausa kuwa, Alhaji Falke Barmu, magini na garin Yama a jihar Tawa ta Nijar, ya fara ginin masallacin garinsu da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa bakan gizo da tulluwa da hasumiyoyi har farkon shekarun 1980, aikin kuma ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi ne ya gina tsohon masallacin Dandaji, wani ƙauyen Hausawa a wannan jiha. Da masallacin ya tsufa, mutanen gari suka bukaci sabo, sai Mariam Issoufou Kamara ta Nijar da Yasaman Esmaili ta Iran suka zana sabon masallaci a gefensa, suka mai da tsohon ya zama laburare. An gama aikin a 2018, aka sa masa suna Hikma. An gyara tsohon ginin tare da magina na gargajiya, an sa kantocin littattafai da wuraren zama a tsakanin ginshiƙansa, sabon ginin kuma an yi shi da bulo na jar ƙasa da aka matse da inji, ana dogara da kaurin bango da tsawon rufi da hanyoyin iska don samun sanyi. Laburaren ƙauye ne, ba na kwaleji ba, kuma masu karatunsa ba su kai ɗaruruwa a lokaci ɗaya ba. Duk da haka shi ne misali mafi kusa da ke nuna bakan gizo yana iya rufe ɗakin karatu na zamani.

A Gando ta Burkina Faso, Francis Kéré ya ƙara wata dabara a makarantar da ya gama a 2001: ya ɗaga rufin kwano sama da silin na ƙasa, ya bar fili a tsakaninsu don iska ta kwashe zafin kwanon. Wannan ya magance manyan aibobin soro biyu a lokaci ɗaya, watau yoyon damina da zafin da rufi yake amayarwa da dare.

A Nijeriya hukuma ta shigo maganar ta fuska biyu. A 2017 Ma'aikatar Wuta da Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine, wadda ta taƙaita yawan gilashin da za a sa a bango in ba a yi masa inuwa ba, ta kuma wajabta sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. A 2019 aka buɗe tashar wuta mai haɗa hasken rana da batir da janareto a Jami'ar Bayero, mai ƙarfin megawat 7.1. Ta biyun ta fi jan hankalin jama'a, amma ta farkon ta fi kusa da tushen matsalar, domin yawan faifan hasken rana da batir da laburare zai saya ya danganta ne da yawan zafin da zanensa ya bari ya shiga. Faifan kuma sai an riƙa wanke shi a hunturu, in ba haka ba ƙura ta rage masa ƙarfi.

Tarihin nan ya nuna wa mai shirin gina laburaren kwaleji a Kano inda zai fara. Taskar littattafai, musamman rubuce-rubucen hannu, ta koma tsakiyar gini ko ƙasansa a bayan bango mai kauri, kamar soro. In za a sa na'urar sanyi, a nan kaɗai ya kamata ta yi aiki ba tsayawa, kuma ƙaramin ɗaki ne mai sauƙin ciyarwa. Zauren karatu ya zama mai tsawo, da tagogi a sama don huci ya fita, da fanka, da baranda. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana bi ta kusan tsakiyar ka, tana ɗan karkata arewa daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta, tana karkata kudu a sauran shekara. Ɗan gajeren rufin baranda ya isa ya kare tagogin kudu da arewa. Bangon gabas da na yamma su ne rana take duka a kwance, da hantsi da la'asar, saboda haka su ya kamata su zama gajeru kuma marasa taga.

A cikin ganuwa wannan tsari yana da wuya, don fili ba ya barin mai zane ya juya gini yadda yake so, ko da yake cunkoson gidaje yana ba da inuwar da gini a sarari ba ya samu. Akwai kuma ƙarancin kayan aiki da na masu aikin. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ginin birni daga cikinsu an cike da yawansu an yi gini a kai, giginya ta yi nisa, azara ta yi tsada, marina da majema da suke ba da kayan laso sun ragu. Maginan da suka iya ɗaura bakan gizo sun tsufa, 'ya'yansu da yawa sun koma aikin bulo da kafinta, kuma aikin da ya rage musu mafi yawa shi ne gyaran fada da Gidan Makama da ƙofofin gari. Kwalejin da ta zaɓi ƙasa a yau, da tifa za ta kawo ta daga bayan gari, ta gwada ta a ɗakin bincike kafin a matse ta, ta kuma rubuta kuɗin duba rufi da indararo kafin kowace damina a cikin kasafinta na shekara, kusa da kuɗin sayen littattafai.